Wa Ya Tura Su Cikin Ruwa?

Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kogin Isa ya zama babbar hanya, kwale-kwale ya gaji tirela. Su wa ke dakon buhuna da jarkoki, su tsallaka cikin dare ba rigar kariya? 'Ya'yanmu ne, waɗanda ko gemu bai tsiro musu ba.

In jirgi ya kife sai mu ce ƙuruciya ce, ko mu ɗora wa tiramol da abokan banza. Da hannunsu a ciki, amma namu ya fi nauyi. Yaron da ya shigo gida da jaka biyar mu muke kiransa namiji, ba mu tambayi irin lodin da ya hau ba. Wanda ya tsaya a fadamar shinkafa ko a aji kuwa, raggo muke ce masa. Matashi yabo yake farauta; inda manya suke tafi, can yake jefa ransa.

Iyayen Tumbutu, limamai da masu jirage: a hana yara jirgin dare, a ƙayyade lodi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta miƙa hannu ta karɓi jaka biyar ɗin ba.