Halin Da Ƙwallon Kwando Ke Ciki A Jami'ar Hustan

Maganar yau a kan wata makaranta ce ta ƙasar Amurka, watau Jami'ar Hustan a jihar Tekzas, da ƙungiyarta ta ƙwallon kwando. Watakila wani malami ya ce, ina ruwan biri da gada? To, wani ɗan Musulmi daga Ikko a gidan nan ya yi suna, kuma samarin ƙasar nan da Allah ya ba tsawo suna ta hangen irin waɗannan makarantu. Har wa yau, abin da ya sami ƙungiyar nan abin lura ne ga duk mai riƙe da almajirai, da duk attajirin da ke da yara a rumfa.

Shi wannan wasa mutum biyar-biyar ke yinsa, kowane ɓangare yana neman jefa ƙwallo cikin kwandon da aka kafa ƙafa 10 daga ƙasa. Makarantun babban aji sun fi 350. A watan Maris akan tsamo waɗansu su kara, a 2025 guda 68 ne, wanda aka ka da sau ɗaya sai ya koma gida, har a bar gwani guda ya ɗauki kofi. Zuwa 2025 Hustan ta shiga cikin huɗun ƙarshe sau 7, ta kai karon ƙarshe sau 3, amma duk ukun aka ka da ita.

Zamaninta na fari shi ne na Guy Lewis, wanda ya horar da ita shekara 30, daga 1956 zuwa 1986. A hannunsa Hakim Olajuwon ya sauka daga Ikko a 1980. A 1983 suka kai karon ƙarshe, wata jami'a ta jihar Karolina ta Arewa ta ka da su da maki 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. A 1984 suka koma, Georgetown ta ci su 84 da 75. A shekarar nan Olajuwon ya tafi babbar gasar ƙwararru, bayan shekara biyu Lewis ya ajiye aiki, sai gida ya mutu. Daga 1984 Hustan ba ta sake cin wasa ko ɗaya a gasar Maris ba sai a 2018, watau shekara 34. A tsakani, a 1996, ƙawancen makarantun da take ciki ya watse, manyan maƙwabtanta suka shiga wani sabo mai suna Big 12, aka bar ta a baya. Wanda ya ga tsangayar da ta watse bayan rasuwar malaminta, ya san irin wannan.

Wanda ya tā da gidan shi ne Kelvin Sampson, da aka ɗauka a 2014. Mutum ne mai tabo, gama a 2008 ya bar Jami'ar Indiyana saboda karya dokar kiran samari a waya, aka ɗora masa takunkumi na shekara 5. Da ya dawo sai ya kafa horo a kan aikin da samari ba su so, watau tsare abokin karawa da ƙwace ƙwallon da ya kuskure kwando. Wani attajirin garin, Tilman Fertitta, ya ba da dala miliyan 20 aka gyara ɗakin wasa, aka buɗe shi a 2018. A 2021 suka shiga huɗun ƙarshe. A 2023 aka karɓe su cikin Big 12 ɗin da ta ƙi su dā, suka zo na ɗaya a cikinta a 2024 da 2025.

A Afrilun 2025 Duke ta wuce su da maki 14, suka biyo ta suka ci 70 da 67. Wanda ya jefa ƙwallaye biyun da suka sa su gaba shi ne J'Wan Roberts, saurayin da ya shekara 6 a hannun malami ɗaya. Kwana biyu bayan haka su ma suka wuce Fulorida da maki 12, amma aka tashi Fulorida na da 65, su 63. Ga shi dai kofi ya kuɓuce, amma mai hankali ya ga inda ƙarfin gidan yake: yaro ya daɗe gaban malaminsa har horo ya zauna masa a jiki.

To, wannan tushe shi ne zamani ya zo yana girgizawa, ta fuska uku.

Ta fari, kuɗi. Dā an hana ɗalibi karɓar ko kwabo bayan kuɗin makaranta da ci da kwana. Daga Yulin 2021 aka yarda ya yi talla da sunansa a biya shi. A Yunin 2025 kuma wata alƙaliya, Claudia Wilken, ta tabbatar da sulhun da ya ba kowace makaranta izinin raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar fari. Kuɗin nan na dukan wasanni ne, kuma a manyan makarantu wasan ƙwallon nan nasu na ture-ture shi ke cin kaso mafi tsoka. Hustan tana da shi, saboda haka tilas ta raba tukunya, alhali makarantar da ba ta yinsa tana iya zuba nata ga kwando.

Ta biyu, ƙaura. Dā wanda ya sake makaranta sai ya zauna shekara guda bai yi wasa ba. An sassauta wannan a 2021, aka ɗauke saura a 2024. Yanzu yaron da aka tsananta wa horo yana iya naɗe tabarmarsa ya koma inda aka fi tayi.

Ta uku, gado. Sampson ya cika shekara 70 a 2025. Makarantar ta ayyana ɗansa Kellen, wanda ya daɗe yana taimakonsa, a kan shi zai gaje shi.

Game da kuɗi, gaskiya ita ce biyan samarin nan adalci ne. Guminsu ne ke cika ɗakin kallo, masu horar da su suna karɓar miliyoyi, ba daidai ba ne a ce mai ɗaukar kaya shi kaɗai zai tashi hannu wofi. Malamin da ya ce kuɗi ya ɓata wasa, sai a tambaye shi, dā can wa ke cin kuɗin? Amma lada daban, gwanjo daban. Attajiri ya san bambancin yaron da ya rena ya ba jari da ɗan kamasho da ya zo yau ya tafi gobe. Idan Hustan ta shiga tsere da makarantun da suka fi ta dukiya wajen sayen sababbin gwanaye kowace shekara, za ta bar abin da ta fi kowa iyawa ta kama wanda aka fi ta. Abin da ya kamace ta shi ne ta kashe rabonta wajen riƙe waɗanda ta rena, wanda ya daɗe ya fi samu.

Wani zai ce, ai haƙurin nan bai kawo kofi ba. Haka ne. Amma gasar da faɗuwa ɗaya ke fid da mutum, ba a auna gida da daren guda. Mai shiga huɗun ƙarshe sau biyu cikin shekara biyar yana bakin ƙofa, mai haƙuri kuwa yakan dafa dutse.

Game da gado, ayyana magaji tun mai gida na da ƙarfi hikima ce wadda ba a yi ba a 1986. Sai dai kyan ɗa ya gaji ubansa a aiki, ba a kujera kaɗai ba. Idan ɗan ya riƙe horon, gida ya tsaya. Idan suna kaɗai ya gada, shekarun fari na iya dawowa.

Saura nasiha ga uban da aka zo neman ɗansa. Babbar gasar ƙwararru ba ta zaɓen fiye da mutum 60 a shekara, 'yan wasan makarantu kuwa dubbai ne. Kuma takardar izinin karatu ta ƙuntata wa baƙo hanyar aikin kuɗi, saboda haka kada a yi lissafin dala kafin a ga sharuɗɗa a rubuce. A tambayi karatun da yaro zai fito da shi, a tambayi wanda zai riƙe shi. Olajuwon da ake misali da shi ya yi wasa yana azumin Ramadan, har aka zaɓe shi gwanin watan Fabrairu na 1995. Wanda zai bi sawunsa ya tafi da addininsa, ya komo da shi.

Allah ya shiryi zuriya, ya sa a gama lafiya.