Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Yawancinmu da zarar mun kammala karatu mun kama aiki, sai hankalinmu ya koma kan mota mai ƙyalli, ko da kuwa da bashi ne. Alhali abin da ake nema ga motar zuwa aiki shi ne ta tashi kowace safiya, in ta yi ciwo kuma bakanike ya san maganinta.

Don haka muke ganin ya kamata a sake duban Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, sa'an nan masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta shafe shekaru masu yawa tana harhaɗa ta, har makanikanmu suka laƙance ta ciki da waje. Ba a bukatar kwamfuta kafin a gano cutar injinta, ƙasanta a ɗage yake, ba ta shakkar ramuka. Kayan gyaranta kuwa, sai a leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Aibinta shi ne shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan ya zama babban nauyi ga ƙaramin ma'aikaci. Duk da haka, kuɗin mai ana iya lissafa shi tun farkon wata. Ranar da na'urar motar zamani ta ƙone kuwa, albashin watan ya tafi gaba ɗaya.

Mai niyyar saye ya tafi da bakanike, a duba tsatsa da birki. In salansa na fid da shuɗin hayaƙi, injin yana cin baƙin mai ke nan, sai a nemi wata.