Ƙaron amya zai iya taimakon bisashenmu, amma a fara auna namu

Bara da damina, a wani ƙauye kusa da Filinge, wani dattijo ya kira ni in duba sansa na amalanke. Wuyan san ya kumbura inda karkiya ke gogarsa, har ya fashe, ƙuda sai bi suke. Ya buɗe wata 'yar leda ya nuna mini ƙwayoyin da ya saya ranar kasuwa, ba suna, ba kwanan wata. Ya ce, "Malam, su nake jiƙa masa, ga ciwo nan bai tafi ba." Wannan sa shi ke ɗauko masa ruwa, shi ke kai hatsinsa kasuwa. In ya kwanta, gidan ya kwanta.

Tun ranar nake tunanin ƙaron amya, wanda Turawa ke kira furofolis. Ƙudan zuma ne ke kwaso danƙo daga jikin itatuwa, su gauraya shi da kaki, su liƙe kafofin amyarsu. Masu cire zuma a nan sun san shi, sai dai yawanci yar da shi suke yi.

Masana sun daɗe suna bincikensa. Sun samu a cikinsa sinadarai irin su falabonoyid da wani da ake kira CAPE, wanda a 1996 aka nuna yana danne hanyar da ƙwayoyin jiki ke bi su tayar da kumburi. In kumburi ya ragu, zafi ya kan ragu. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna haka, kuma yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan miki.

To ga inda nake jan hankalin 'yan'uwana ma'aikatan kiwo. Yawancin wannan bincike an yi shi ne da ƙaron Turai da na Barazil. Abin da ke cikin ƙaro ya danganta da itacen da ƙudan ya sauka a kai. Namu na Kurfai a kan gawo da aduwa da magarya yake yawo, don haka ba dole ya zo daidai da nasu ba. Kuma ɓera daban, saniyar Azawak daban.

Ra'ayina shi ne a gwada shi a kan ciwon waje: gogar karkiya, mikin bayan jaki, tsagewar kan nono. A fara wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a huta da dabbar. Kada a ɗura shi cikin hantsa, kada a dogara da shi in dabba na zazzaɓi ko tari ko ta daina kiwo. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Mai shafawa ma ya kula, don yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi.

Wani zai ce me ya kai mu wahala, ga magungunan kanti? Muna bukatarsu, amma su ma da nasu haɗari. A Indiya, diclofenac da ake ba shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu masu cin mushe, har aka hana ba dabbobi shi a 2006. Balle ƙwayar leda da ba wanda ya san abin da ke ciki.

Muna da tashar kiwo ta Tukunus a nan kusa, ga LABOCEL da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ina kira a tattaro ƙaro daga amyoyin Dallol Boso, na rani da na damina, a auna shi, a gwada a kan mikin shanu ƙarƙashin idon likita. In ya yi, makiyayi ya samu magani kusa da gida, mai amya ya samu ƙarin kuɗi. In bai yi ba, mu fito mu faɗa wa mutane gaskiya.

San dattijon nan dai ya warke da wanki, da hutun mako biyu, da allurar likita. Karkiyar ma mun naɗe ta da tsumma kafin ya koma aiki.