Maraɗi: Shan barasa na iya hana matashi sa kakin tsaro

Duk lokacin da aka buɗe gasar ɗaukar sababbin sojoji, jandarmomi ko 'yan sanda, matasa daga Agiye, Gazawa da Gidan Rumji kan yi tururuwa zuwa Maraɗi da takardunsu a hannu: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta likita, da ta kotu mai nuna ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuce yake a takarda ba, wato binciken ɗabi'a. A nan ne shan barasa kan iya tare wa matashi hanya.

Dokar Nijar ba ta haramta sayar da barasa ba, saboda haka sunan mashayi ba ya shiga kundin kotu, sai fa idan an kama shi a buge a bainar jama'a, ko maye ya kai shi ga faɗa ko haɗarin mota. Amma masu bincike kan tambayi maƙwabta da mai unguwa, kuma a gari kamar Cadawa ko Tibiri, kowa ya san kowa.

Buƙatar jami'ai tana ƙaruwa. A shekarar 2020, ministan tsaro na wancan lokaci, Isufu Katambe, ya ce za a ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekaru biyar. Idan ana ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, tantancewa ce kan fara yin rauni.

Yankin kuwa ba wurin sakaci ba ne. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji, 'yan bindiga kuma kan tsallako iyaka su sace mutane da dabbobi. Ƙarfinsu ya dogara ne ga masu tsegunta musu labari. Jami'in da ya san lokacin fita sintiri da hanyar da za a bi, idan maye ya kwance masa harshe a mashaya, rayukan abokan aikinsa ya sa cikin haɗari.

Akwai haɗari na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. A al'ummar da akasarinta Musulmi ne, shan giya abin kunya ne. A Nuwamban 2000 ma masu zanga-zanga sun far wa mashayu a birnin Maraɗi. Don haka mai sha a ɓoye yake sha, sau da yawa kuma da bashi. Wanda ke tsoron tonon asiri, ko bashi ya yi masa katutu, shi ne ya fi sauƙin saye ko tursasawa.

A Amurka, ƙa'idojin ba da izinin sanin sirrin ƙasa da suka fara aiki a 2017 sun ware babi guda kan barasa cikin babi 13. Abin da suke dubawa shi ne tuƙi cikin maye, zuwa aiki a buge, ko sha har hankali ya gushe. Amma sun bar ƙofa a buɗe ga wanda ya amsa matsalarsa, ya nemi magani, ya kuma daɗe bai koma ba.

Wannan ƙofa ce ya kamata hukumomin Nijar su duba. Bincike sau ɗaya a ranar ɗauka bai isa ba, domin wasu bayan sun sha wahalar fagen daga ne suke faɗawa shaye-shaye, ko na giya ko na ƙwayar tiramol. Idan kora ce kaɗai ke jiran wanda ya faɗi gaskiya, babu mai faɗa, kuma asirin nan ne maƙiyi ke nema. Jami'in da aka yi wa magani ya fi aminci a kan wanda ke sha a ɓoye da bindiga a kafaɗa.