Ijma'in Da Aka Gina Kan Kunya

Maganar da shugaban wani kwamitin tantance likitoci ya yi, cewa tun da ya hau kujera ba a taɓa tashi da saɓani daga zaman tantance likitoci masu neman ƙwarewa ba, ita ake ta yabo, alhali kuwa babu hujjar da ta fi ta nuna cewa kwamitin ya yi watsi da amanar da aka ɗora masa. Domin idan manyan likitoci suka zauna a kan almajiri guda, wanda waninsu ya gan shi da rana a gaban farfesa, wani kuma ya gan shi da tsakar dare jini ya ɓalle wa mai haihuwa, almajirin ya ƙi kiran na gaba da shi don gudun a ce ya kasa, sa'an nan duk bakinsu ya zo ɗaya, to lalle akwai wanda ya haɗiye shaidarsa.

Malaman hadisi sun daɗe da warware wannan mas'ala: sukar da aka fayyace dalilinta ana gabatar da ita a kan yabon da aka yi a dunƙule. A nan kuwa, da ƙaramar likita ta buɗe baki, sai babba ya ce, "Haba, yaron kirki ne, ga iyali, a rufa masa asiri." Masu cewa jayayya tana ɓata zumunci su sani ba don zumunci aka kafa kwamitin ba.

Asalin cutar kuma tsohuwa ce, na sha faɗa. Kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, wadda take Ijanikin a Legas, ba ta tsaye a ɗakin tiyata, sa hannun malamai take gani kafin ta karɓi mutum jarrabawa. Wannan sa hannu kuwa na ga ana yin sa a kan murfin mota, almajiri ya miƙa littafin ayyukansa a buɗe, malam yana sauri zuwa asibitinsa na kuɗi, bai karanta ko layi ɗaya ba. Wanda bai halarci aikin ba, da me zai yi musu a zaure? Shi ya sa yake ƙaunar ijma'i, yake kiran mai gardama fitinanne.

Mafita ita ce a rubuta ra'ayin wanda ya saɓa, da sunansa da dalilinsa, a fara jin na ƙasa kafin shugaba ya furta nasa, kuma duk wanda bai taɓa tsayawa kan almajirin yana aiki ba a hana shi ƙuri'a.