Maganin Kaska Da Lafiyar Masu Wanke Dabbobi

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo sai kaska ta yi yawa a jikin shanu da tumaki da awaki, masu dabbobi kuma su nufi kasuwa neman magani. A kasuwar Achida ko ta Goronyo mutum zai sami abin da yake so, wani a cikin kwalbarsa ta asali, wani kuwa an tsiyaya shi a kwalbar lemo, ba suna ba bayani. Babu mai musun amfanin wannan magani, gama kaska tana shan jinin dabba, tana sa mata cuta, tana kuma ɓata fata, alhali fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna a kasuwannin duniya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne halin da mai wanke dabbar yake shiga.

Sau da yawa ba mai dukiyar ne ke yin wankin ba. Yaron gida ne, ko ɗan ƙwadago, ko makiyayin da aka ba kiwo. Shi ne zai dama maganin a bokiti da hannunsa, ya tsoma tsumma ya goga wa saniya a wuya da hantsa da ƙarƙashin wutsiya, ita kuwa ta girgiza ta fantsama masa a fuska. In da famfon feshi na goyo ake aikin, kuma famfon yana yoyo, rigarsa za ta jiƙe daga baya, a cikinta kuma zai yini.

Jama'a da dama sun ɗauka guba ba ta cuta sai an sha ta. Wannan kuskure ne babba. Fatar ɗan Adam tana tsotse waɗannan magunguna ta kai su cikin jini, zafin rana da zufa kuma suna ƙara mata sauri. Goshi da hammata da matse-matsi sun fi hannu saurin tsotsewa, to, ga shi kuwa goshin nan ne ma'aikaci yake sharewa da jiƙaƙƙen hannunsa. Irin su diazinon da dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, suna rikita aikin jijiyoyi: mutum ya dinga zufa da dalalar da miyau, ya yi amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, naman jikinsa ya riƙa rawa, in abin ya tsananta numfashi ya gagara. Amitraz yana kawo kasala da barci, yana rage bugun zuciya. Cypermethrin kuwa zugi da ƙaiƙayi yake sawa a fata.

Abin takaici shi ne lokacin kaska shi ne lokacin zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya dawo daga garke da ciwon kai da amai sai a ce zazzaɓi ne, a saya masa ƙwaya a kemis, babu wanda zai tambaye shi aikin da ya yi da safe. In ma an gane, sai a ɗura masa nono ko manja, ko a shafe shi da mai, alhali mai yana taimaka wa gubar shiga jiki ne. Abin da ya kamata shi ne a tuɓe masa tufafin nan take, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a wanke ido da ruwa zalla na tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Ba don ado ake tafiya da kwalbar ba: allurar atropine ita ce ke ceton wanda diazinon ko dichlorvos ya kama, amma likita yana bukatar sanin irin gubar kafin ya san abin da zai yi. Kwalbar lemo kuwa ba ta gaya masa komai.

A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na dichlorvos a kasuwanni da kantuna. Mataki ne mai kyau, sai dai bai taɓa wata matsala da ta fi kusa da makiyayi ba. Gargaɗin da ke jikin kwalba galibi da Turanci yake, cikin ƙananan haruffa, shi kuwa mai amfani da shi Hausa ko Fulatanci yake ji, in ya iya karatu ma sau da yawa na ajami ne. Lalle ya wajaba a tilasta wa masu shigo da magungunan nan su rubuta gargaɗi da ma'auni da Hausa, boko da ajami.

Kazalika wajibi ne ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta Jihar Sakkwato ta tura malamanta su tsaya a kara ranar kasuwa, su nuna yadda ake dama magani da sanda da safar hannu ta roba. Gaskiya ne rashin tsaro ya sa shiga wasu ƙauyuka na gabashin jihar ya yi wuya, amma makiyaya suna zuwa kasuwa, suna kuma sauraron Rediyon Rima. Ɗaliban sashen likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya taimakawa a wannan aiki lokacin hutu. Ita kuma Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar akwai atropine a asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo tun kafin ruwan farko, ta umarci ma'aikatanta su riƙa tambayar duk mai amai da zufa ko ya taɓa maganin dabba ko na gona, su kuma rubuta amsarsa a littafi.