Ƙoda Tun a Ciki Ake Gina Ta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, duk manomin Tsanyawa ya san in iri ya ƙare a rumbu, to shuka ta ƙare, kome kyawun damina. Wannan ita ce maganar ƙodar ɗan'adam.

Ƙoda tana fara tsiro tun a mako na 5 na ciki. A bakin kowane reshe nata akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda za mu iya kira ƙwayoyin iri, don daga gare su matatun jini suke fitowa. A shekarar 2008 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tabbatar cewa ƙwayar gado mai suna Six2 ita ce alamar wannan iri. Muddin tana aiki, irin yana ta hayayyafa. In ta yi shiru, sai ƙwayar ta rikiɗe ta zama matata. Kafin mako na 36 iri ya ƙare ƙaf, ba kuwa za a ƙara ko matata guda ba har mutum ya koma ga Mahaliccinsa. Wani yakan tashi da wajen 200,000 a ƙoda guda, wani fiye da miliyan 2.

Me ke kawo wannan rata? Gado na ciki, amma cikin uwa ma na ciki. Tun a 1988 Likita Barry Brenner ya kawo hujjar cewa mai ƙarancin matatu ya fi kusa da hawan jini da ciwon ƙoda. Jaririn da aka haifa bakwaini, ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, yakan zo da matatu kaɗan. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro kuwa suna cikin manyan masu tauye nauyin jariri, ga shi duka biyun sun fi tsananta da marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, abin alfahari ne ƙwarai. Amma talaka nawa ne zai iya sayar da gona don wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako? Ra'ayina shi ne, hukuma ta sa awon ciki, da gidan sauro, da maganin ƙarin jini a sahun yaƙi da ciwon ƙoda, daidai da injin wanki. Magidanta kuma su daina kai wake da gyaɗa kasuwa gaba ɗaya alhali mai ciki tana kwana da tuwo da miyar kuka tsura.

Mu da aka kashe wa dukiyar talakawa muka yi boko, wajibinmu ne in mun koma gida hutu mu faɗi wannan a zaure da dandali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu gane.